Ranar da Motoci Suka Daina Bi ta Seligman

Ranar Juma'a, 22 ga watan Satumba na 1978, aka buɗe wani sabon yanki na babban titin I-40 a arewacin jihar Arizona ta Amurka. Kafin wannan rana, duk motar da ta fito daga gabas za ta Kalifoniya ta wannan yanki, ko ta fito daga Kalifoniya za ta gabas, dole ta ratsa tsakiyar wani ɗan ƙaramin gari mai suna Seligman. Mutanen garin sun ce motoci wajen 9,000 ne ke wucewa ta ƙofar shagunansu kowace rana. Mai askin garin, Angel Delgadillo, wanda yake da shekara 51 a lokacin, ya sha ba da labarin ranar har da sa'arta: wajen ƙarfe biyu da rabi na rana. Daga nan titi ya yi tsit.

Ba gobara aka yi ba, ba annoba ba. Gidajen mai suna nan da mai a tankunansu, masaukai suna nan da gadajensu a gyare, mai tuya yana tsaye gaban murhunsa. Abu ɗaya ne ya canja: an matsar da masu wucewa kimanin mil biyu zuwa kudu.

Garuruwa da yawa sun mutu a gefen tsohuwar Hanya Mai Lamba 66, wato hanyar da ta ratsa Seligman, wasu ma mutuwarsu ta fi ta Seligman muni. Na zaɓi wannan garin ne domin a nan ana iya ɗora yatsa a kan rana da sa'a, ana iya bin sawun abin tun daga tushe, sannan kuma garin ya yi wani yunƙuri na tashi wanda ya kamata a auna shi da gaskiya, a faɗi abin da ya dawo da shi da abin da ya gagare shi.

Garin da ke ci daga masu wucewa

Ƙasar da Seligman ke zaune a kanta tudu ce mai bushewa, sama da ƙafa 5,000 daga teku. Ciyawa ce da gajerun itatuwa, ta kiwon shanu jefi-jefi, ba ta noman da zai riƙe gari ba. Abin da ya kafa garin layin dogo ne. A farkon shekarun 1880 kamfanin jiragen ƙasa na Atlantic and Pacific ya ratsa arewacin Arizona, a 1886 kuma aka fitar da reshe daga wannan wuri zuwa Prescott, wadda a lokacin ita ce hedikwatar yankin. Shi ya sa sunan wurin na farko shi ne Prescott Junction, wato mahaɗar Prescott. Daga baya aka sa masa sunan Jesse Seligman, wani mai banki a New York wanda kuɗin gidansu ya shiga aikin layin.

Reshen Prescott bai daɗe ba, domin an gina wanda ya fi shi daga Ash Fork. Abin da ya riƙe garin shi ne kamfanin Santa Fe, wanda ya gaji layin, ya mai da Seligman zango: a nan direbobin jirgi da ma'aikatansu ke sauka wasu su hau, a nan ake duba injuna. A 1905 aka gina Havasu, babban masauki da gidan abinci na kamfanin Fred Harvey a bakin tasha. Makiyaya na kawo shanu a loda su a tarago. Albashin reluwe kuwa ba ya jiran damina, ba ya jiran baƙo.

Cikin waɗanda aikin reluwe ya jawo har da mahaifin Angel, wanda ya zo daga Meziko da iyalinsa a 1917. Daga baya ya buɗe shagon aski da gidan buga sinuka a kan layin da ke fuskantar tasha.

Ranar 11 ga Nuwamba, 1926, aka ba Hanya 66 lambarta. Ta tashi daga Shikago ta ƙare a Los Anjalis, daga baya aka ƙarasa da ita Santa Monika a bakin teku. Jihohi takwas take ratsawa, tsawonta mil 2,448, kusan kilomita 3,940, kuma sai a 1938 aka gama shimfiɗe ta gaba ɗaya. A Seligman, da farko ta bi ta layin tasha, ta ƙofar shagon Delgadillo. A 1933 aka matsar da ita layi ɗaya zuwa arewa, zuwa titin Chino. Ga matsin tattalin arzikin da ya durƙusar da Amurka a waɗannan shekaru, ga hanya ta koma layi na gaba, sai kasuwar dattijon ta karye. Iyalin sun kai ga shirin ɗaure kaya su bi ayarin mutum fiye da 200,000 da fari da guguwar ƙura suka koro daga tsakiyar ƙasar zuwa Kalifoniya. Abin da ya tsai da su shi ne 'ya'yansa maza manya sun samu aikin kiɗa a garuruwan kan hanyar.

Wannan ɗan abin da ya faru a 1933 ya tsaya mini a rai. Tazarar layi ɗaya tal ta isa ta karya shago. Angel yana ɗan shekara shida ya ga haka a gidansu, shekara 45 kafin a maimaita wa garin baki ɗaya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hanya ta cika ta batse. Domin a gane yadda gari ke ci daga hanya, sai an tuna irin motocin lokacin. Suna zafi a kan hawa, taya na fashewa, tanki ba ya kai su nesa, yawancinsu ba su da na'urar sanyaya iska, ga hamadar Mojabe tana jira a gaba. Matafiya kan rataya jakar ruwa ta tamfol a gaban mota saboda lagireto. Kuma hanyar ita ce babban titin gari. Direba dole ya rage gudu, idonsa ya faɗa kan allon gidan mai, yara a kujerar baya su hango mai sai da askirim. Cikin mota dubu tara, ko ɗaya cikin ashirin ce ta tsaya, an samu ciniki ɗari huɗu da hamsin a garin da mutanensa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Kuɗin kuma ba ya fita nan take, zagayawa yake yi. Mai gidan mai ya biya yaransa, yaran su je aski, mai aski ya sayi cefane a kanti, mai kanti ya kai motarsa wurin makaniki. Angel ya buɗe shagon askinsa a 1950, a tsohon ginin mahaifinsa. A 1953 yayansa Juan ya gina wurin sai da abinci da abin sha mai suna Snow Cap, da guntayen katakon da ya tara daga filin reluwe. Jarin da ake buƙata ke nan a lokacin: fili a bakin hanya, da katako, da ƙarfin jiki.

Ba na so in ƙawata zamanin fiye da yadda yake. Hanyar layi biyu ce, ɗaya zuwa ɗaya dawowa, manyan motoci da ƙanana a cakuɗe, kowa na neman wuce na gabansa. Karon gaba da gaba ya yi yawa har aka yi mata laƙabi da mai jini. Baƙaƙen fata kuwa, a garuruwa da yawa na kan hanyar ba a ba su ɗaki ko abinci, wasu garuruwan ma ba a yarda rana ta faɗi suna ciki ba. Duk wanda ya ce ba a buƙatar sabuwar hanya, bai binne ɗan'uwansa da hatsari ya kashe a tsohuwar ba.

Shawarar da aka yanke a nesa

A 1919, wani matashin hafsa mai suna Dwight Eisenhower ya bi ayarin motocin soja daga Washinton zuwa San Faransisko. Kwana 62 suka yi. Bayan shekaru, yana babban kwamandan yaƙi a Turai, ya ga manyan titunan Jamus da yadda suke kwashe runduna cikin sauri. Da ya zama shugaban ƙasa, ranar 29 ga Yuni, 1956, ya sa hannu a dokar gina manyan tituna masu haɗa jihohi, mil 41,000, gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 90 cikin ɗari na kuɗin.

Tsarin waɗannan tituna shi ne gundarin maganar. Aƙalla layi biyu kowane ɓangare, da shinge ko fili a tsakiya. Babu danja, babu mararraba. Ba a shiga ba a fita sai ta mahaɗar da aka tanada. Babu shago ko gidan mai da ƙofarsa za ta buɗe kai tsaye a kan titin. Tsohuwar hanya an yi ta ne don ta haɗa gari da gari. Sabuwar an yi ta ne don kada mota ta tsaya. Duk abin da ya sa sabuwar ta fi aminci da sauri, shi ne abin da ya cire abinci daga bakin Seligman.

Dokar ta tanadi diyya ga wanda aka karɓe filinsa don gina titi. Wanda aka bar masa filinsa aka ɗauke masa masu saye kuwa, ba shi da ko sisi. Kotunan Amurka sun daɗe a kan cewa mai shago ba shi da haƙƙin mallaka a kan motocin da ke wucewa ta ƙofarsa. Ta fuskar shari'a maganar tana da hujja, domin gwamnati ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin hanya za ta dawwama a inda take ba. Amma a ganina a nan aka yi kuskuren da za a iya kaucewa. An ƙididdige rayukan da za a ceta, da sa'o'in da za a rage, da man da za a adana, duk ribar ƙasa baki ɗaya ce. Asarar kuwa aka bar ta ta sauka a kan 'yan tsirarun mutane a ƙananan garuruwa, ba tare da an sa ta cikin lissafin kuɗin aikin ba. Kowa ya amfana da titin, mai masaukin Seligman ne ya biya da duk abin da ya tara a rayuwarsa.

Wani zai ce: tsakanin 1956 da 1978 shekara 22 ne, me ya hana su shiri? Tambaya ce mai kyau, kuma gaskiya ne sun san abin na tafe, domin sun ga yadda ake buɗe titin yanki-yanki a gabas da yamma. Angel kansa a 1972 ya ƙaura da shagonsa zuwa kan titin Chino don ya matso kusa da masu wucewa, shekara shida kacal kafin su ɓace. Amma wane shiri mai masauki mai ɗaki goma sha biyu zai yi? Ya sayar? Duk mai saye ya san abin da ya sani. Ya koma bakin sabuwar mahaɗa? Filin can da ginin can sai mai babban jari, sai kuma wanda banki ya yarda da shi, kuma banki ba ya ba da rance a kan ginin da darajarsa ke shirin faɗuwa. Ga shi kuma har ranar ƙarshe ciniki yana tafiya. Ba shi da sauƙi mutum ya rufe shagon da yake cike da mutane yau saboda abin da zai faru wata shekara.

Wasu garuruwan sun yi kokawa. A 1963 majalisar jihar New Mexico ta yi dokar da ta hana a zagaye gari da sabon titi in mutanensa ba su yarda ba. Barazanar janye kuɗin tarayya ta sa aka soke ta cikin shekara biyu, amma kafin nan wasu garuruwan sun samu an matso da titin kusa da su. Williams, gabas da Seligman, ta kai ƙara kotu ta jinkirta aikin, ba ta janye ba sai da jiha ta yarda da yi mata mahaɗa uku. Ita ce gari na ƙarshe da aka zagaye a duk tsawon hanyar, ranar 13 ga Oktoba, 1984. Williams tana da magajin gari da majalisa, tana kuma da ƙofar shiga Grand Canyon, ƙaton kwazazzabon da 'yan yawon buɗe ido ke tururuwar gani. Seligman ba ta da hukumar gari ta kanta. Tana ƙarƙashin gundumar Yavapai ne, wadda hedikwatarta ke can Prescott. Ta samu mahaɗa biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, shi ke nan.

Yadda mil biyu ke kashe gari

Mil biyu tafiyar minti uku ce ko huɗu. Me zai sa irin wannan tazara ta kashe kasuwa?

Na farko, direba ba ya ganin garin. A da garin ne ke zuwa gabansa ko ya so ko bai so ba. Yanzu sai ya yi niyya tun daga nesa, ya sauka daga titi, ya shiga wurin da bai san abin da zai tarar ba. Dokar ƙawata manyan tituna ta 1965 ta taƙaita kafa allunan talla a gefensu, saboda haka ƙaramin ɗan kasuwa ya rasa ko hanyar yi wa direba kira. Na biyu, motoci sun canja. Sun daina zafi kamar da, taya ta yi ƙwari, akwai sanyi a ciki. Flagstaff tana gabas da Seligman da kimanin mil 75, Kingman tana yamma da kimanin mil 70. A sabon titi ko wacce tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci ce, ko da dokar gudun mil 55 a sa'a da ake bi a lokacin. Mai jin yunwa zai iya daurewa. Na uku, a manyan mahaɗu akwai sunayen da matafiyi ya riga ya sani, irin su Holiday Inn da McDonald's. Ya san farashi, ya san ɗanɗano, ya san yadda banɗaki zai kasance tun kafin ya tsaya. Masaukin iyali ba shi da wannan tabbacin da zai sayar, sai kirki da hira, su kuma sai an tsaya ake sanin su.

Daga nan zagayen kuɗin nan ya juya da baya. Gidan mai ya sallami yara, yaran suka tafi Phoenix ko Las Vegas neman aiki, mai aski ya rasa kawuna, mai kanti ya rage kaya. Masu ƙarfi da ƙuruciya su ne ke fara tafiya, domin su ne ake ɗauka a wani wuri. Wanda ya rage shi ne dattijon da dukiyarsa duka gini ce, ginin kuma ba mai saye. Ba rana ɗaya ake rufe shago ba: a rage awoyi, a daina fenti, fitilar allo ta mutu a bar ta, wata rana a sa kwaɗo.

Garuruwan da ke yamma sun fi shan wuya. Tsakanin Seligman da Kingman tsohuwar hanya ta yi baka zuwa arewa tana bin layin dogo, ta Peach Springs, hedikwatar ƙabilar Hualapai, da Truxton da Valentine da Hackberry. Sabon titi ya yanke kai tsaye ta kudu, ya bar su da nisan mil da yawa, babu ko mahaɗa. Can gabas kuma, a kan iyakar Texas da New Mexico, garin Glenrio ya kusa zama kufai gaba ɗaya.

Seligman ta ɗan jure domin tana da ƙafa ta biyu, wato reluwe. A 1985 aka sare ita ma. Injunan dizal ba sa buƙatar tsayawa akai-akai kamar na gawayi da tururi, kuma Santa Fe ta tsawaita zangon ma'aikatanta, ta daina canjin ma'aikata a Seligman. Mutanen da ke kwana a garin, su ci abinci, su yi aski tsakanin jirgi da jirgi, suka daina sauka. Masu ba da labarin garin sukan tsaya a kan 1978 domin ta fi daɗin faɗa, amma ina ganin bugun 1985 ya fi shiga ƙashi. Kuɗin matafiyi na rani ne da hutu. Albashin reluwe na kowane wata ne, shi ke sa iyali su zauna, su sa yara a makaranta.

A wannan shekarar dai, ranar 27 ga Yuni, ƙungiyar jami'an hanyoyi na jihohin Amurka ta soke lambar 66 daga jerin hanyoyin ƙasa. Aka cire alluna, taswirori suka daina nuna ta. Hanyar tana nan a shimfiɗe, amma ko wanda ke nemanta da gangan ba shi da abin da zai bi.

Taron mutum goma sha biyar

Shagon aski wuri ne na hira, kuma Angel ya lura da wani abu a bakin 'yan baƙin da har yanzu ke ratsowa: tsohuwar hanyar suke tambaya. Wani ya bi ta yana yaro a bayan motar mahaifinsa, wani ya bi ta yana soja. Ya fahimci cewa abin da garin ya rasa a matsayin hanyar wucewa, zai iya samun wani abu daga gare shi a matsayin wurin zuwa.

Ya bi garuruwan da ke tsakanin Seligman da Kingman yana magana da 'yan kasuwa. Ranar 18 ga Fabrairu, 1987, mutum 15 suka hallara a gidan abinci na Copper Cart a Seligman, suka kafa ƙungiyar kare tarihin Hanya 66 ta Arizona, Angel ne shugabanta na farko. Abin da ya burge ni shi ne ƙanƙantar buƙatarsu. Ba su ce a dawo da motoci ba, ba su nemi diyya ba, ba su nemi masana'anta ba. Sun ce jiha ta kira hanyar da sunan hanya mai tarihi, ta kafa alluna. Abu ne da jami'i zai iya sa wa hannu ba tare da ya nemi kasafi mai nauyi ba. Suka yi ta rubuta wasiƙu suna zirga-zirga zuwa Phoenix, hedikwatar jihar, a watan Nuwamba na 1987 jiha ta amince da yankin Seligman zuwa Kingman, daga baya aka faɗaɗa. Yau wannan yanki, daga kusa da Ash Fork zuwa Topock a bakin kogin Kolorado, kimanin mil 158, shi ne mafi tsawo da ya rage na tsohuwar hanyar ba tare da yankewa ba. Bakan nan da ya jawo wa garuruwan yamma wahala shi ne ya sa sabon titi bai hau kan tsohuwar ya shafe ta ba.

A 1988 ƙungiyar ta fara gangamin tsofaffin motoci na shekara-shekara daga Seligman zuwa bakin kogi, ana yin sa har yanzu. Sauran jihohi bakwai suka kafa irin tasu ƙungiyar cikin 'yan shekaru. A 1999 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar tallafa wa gyaran tsofaffin gine-ginen kan hanyar ta hannun hukumar kula da wuraren shaƙatawa da tarihi ta ƙasa, a 2005 kuma aka sa tsakiyar kasuwar Seligman cikin rajistar wuraren tarihi. Angel da matarsa Vilma suka fara sai da kayan tsaraba a gefen kujerar aski, har tsarabar ta cinye shagon.

Abin da ya dawo da abin da bai dawo ba

Baƙi sun dawo, wannan babu musu. Seligman tana kan hanyar Las Vegas zuwa Grand Canyon, saboda haka manyan motocin 'yan yawon buɗe ido sun mai da ita wurin miƙe ƙafa. Jamusawa, Faransawa, Japanawa, 'yan Sin, masu babura a ayari, duk suna sauka su ɗauki hoto gaban tsofaffin motoci da allunan da aka sake wa fenti. Snow Cap tana nan. Juan ya rasu a 2004, iyalinsa suka ci gaba da ita. Wasu masaukan an gyara su, fitilunsu sun sake kamawa. Idan aka kwatanta da Glenrio, inda kusan babu kowa sai gine-gine da iska, wannan babban abu ne, kuma mutum goma sha biyar ne suka fara shi ba da kuɗin kowa ba.

Amma ƙidayar 2000 ta samu mutum 456 a garin, ta 2010 ta samu 445. Shekaru ashirin da wani abu na suna a duniya ba su ƙara wa garin mazauna ba. Dalilin yana cikin irin cinikin. Matafiyin 1955 yana da buƙata ta gaske: mai, taya, gado, makaniki. Buƙatarsa ta samar da sana'o'i iri-iri, wasunsu na ƙwarewa, masu riƙe gida. Baƙon yau yana da rabin sa'a kafin direba ya danna oda. Riga zai saya, da maganaɗisun manna wa firji, da kofin askirim, kayan da yawancinsu a wani wuri aka ƙera su. Aikin da wannan ke samarwa na tsayuwa bayan kanta ne, mai ƙaramin albashi, mai ja baya da sanyi. Babban asibiti sai Kingman ko Flagstaff. Jiragen kaya na BNSF, magajin Santa Fe, suna ratsa garin dare da rana ba sa tsayawa, jirgin fasinja ma haka. Havasu, ginin da ya fi kowanne girma a tarihin garin, kamfanin reluwe ya rushe shi a 2008, a daidai lokacin da baƙi ke tururuwa neman tarihi a layi na gaba.

Akwai kuma abin da ke damuna fiye da wannan. Garin bai fita daga halin da aka haife shi a ciki ba. Da reluwe ya dogara, sannan da hanya, yanzu da jadawalin kamfanonin yawon buɗe ido, kuma duka ukun a wani wuri ake yanke shawararsu. A 2020, da annobar korona ta rufe iyakoki ta tsai da jiragen sama, manyan motocin nan suka ɗauke ƙafa, titin Chino ya sake yin shiru irin na 1978. Sun dawo daga baya. Sai dai masu zuwa don sun bi hanyar suna yara suna ta ƙarewa, kuma dole garin ya riƙa jawo waɗanda ba su taɓa saninta tana raye ba. Cikar hanyar shekara ɗari a 2026 biki ne na shekara guda, ba albashi ba.

Ba na faɗin wannan don in rage wa Angel Delgadillo daraja. Da abin da yake hannunsa ya yi aiki: almakashi, baki, da haƙurin maimaita labari ɗaya ga dubban baƙi ba tare da ya gaji ba. Abin da gwamnati da kamfanin reluwe suka ɗauke ya fi ƙarfin a ce mai aski ya mayar, kuma bai kamata nasararsa ta zama hujjar cewa duk garin da aka zagaye ya mutu, laifin mutanensa ne da ba su yi dabara ba. Hackberry da Truxton suna kan hanya ɗaya, ƙarƙashin alluna iri ɗaya, ba su samu ko kusa da abin da Seligman ta samu ba, domin motocin Grand Canyon ba sa bi ta ƙofarsu.

A 2022, yana da shekara 95, bayan shekara 72 da buɗe shagonsa, Angel ya ajiye almakashi. Iyalinsa ne ke tafiyar da shagon tsarabar. Kujerar askin da mahaifinsa ya saya a 1926, shekarar da aka ba hanyar lamba, tana nan a ɗakinta, bangon kewaye da ita cike da katunan baƙi daga ƙasashe daban-daban. Mutane suna shiga su ɗauke ta hoto.